Bengu da Gaya: A koyar da aikin otal domin baƙin da ke zuwa

Tun ranar 9 ga Agustan 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a dajin raƙuman dawa na Kure, Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga kudu maso yammacin Nijar. Gandun daji na W, wanda UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 1996, shi ma rashin tsaro ya hana shi baƙi. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, mashigar kayan da ke fitowa daga tashar ruwan Kwatano.

Wannan ya isa ya sa ƙungiyar ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, wato ANPTH, da makarantun da ke horar da matasa a wannan fanni su zauna su sake lissafi. An gina sana'ar ne a kan baƙon da ke sauka a filin jirgin Yamai ko ya nufi Agadez. Wannan baƙo ya yi ƙaranci, kuma babu wanda zai sa ranar dawowarsa.

Amma baƙi ba su ƙare ba. Duk wanda ya san Gaya ya san direbobin manyan motoci da fataken da ke bi ta Kamba zuwa Jihar Kebbi. A Bengu da sauran garuruwan fadamar Fogha, masu sayen gishiri da rake da kayan lambu suna zuwa daga nesa, su kwana, su ci, su biya. Waɗanda ke karɓar su kuwa fatoma ne da mai tuwo-tuwo da mai shayi da mai ɗakunan haya a bakin tasha. Su ne ke riƙe da sana'ar saukar baƙi a wannan yanki, amma tsarin horo bai san da zamansu ba.

A ganina, sake fasalin ya kamata ya fara daga nan. Na farko, ƙungiyar ta kafa reshe mai ƙarfi a jihar Dosso, da wakili a Gaya, wanda zai iya yanke shawara ba sai ya jira Yamai ba. Na biyu, a buɗe rukunin mambobi na ƙananan masu masauki da masu abinci, da kuɗin shiga daidai ƙarfinsu, kuma su samu ƙuri'a a babban taro. Ƙungiyar da manyan otal kaɗai ke magana a cikinta, buƙatunsu kawai za ta kai wa gwamnati.

Na uku shi ne darasin kansa. Matar da ke dafa wa matafiya abinci shekara ashirin ba ta buƙatar shekara biyu a aji da Faransanci. Tana buƙatar horon mako kaɗan da Hausa ko Dandanci a kan tsaftar ruwa, adana nama lokacin zafi, rubuta shiga da fitar kuɗi, da rajistar baƙo. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM suna nan a ƙananan hukumomi, asusun FAFPA kuma an kafa shi ne domin tallafa wa irin wannan horo. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar ta tsara manhaja, ta nemi a ba wanda ya ƙware takardar shaida bayan gwaji.

Maƙwabciyarmu Najeriya tana da cibiyar NIHOTOUR, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, wadda aka ba ta dokar kanta. Bikin kamun kifi na Argungu kuma, da UNESCO ta amince da shi a 2016, yawancin masu cika shi 'yan yankin ne. Darasin a fili yake: baƙon gida ma kasuwa ne.

Wasu za su ce a bari sai tsaro ya dawo, iyakoki sun daidaita. To ai da sanyin safiya ake kama fara. Tsarin shekara biyar da aka rubuta yanzu, mai faɗin mutum nawa za a horar a kowace jiha, wa zai biya, wa zai bincika, shi zai sa ranar da harkoki suka buɗe a tarar da ma'aikata a shirye. In ba haka ba, matafiyi zai tsallaka Malanville ko Kamba ya kwana, kuɗinsa ya tafi can.

Shugabannin ANPTH da ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido su fara da abu mai sauƙi: su je Gaya da Bengu su ƙirga masu masauki da masu abinci, su tambaye su abin da suke son koya, sannan a rubuta tsarin.