Gombe za ta iya rage ihun yara a ɗakin wankin ƙuna

Da hunturu ya kankama a Gombe, yara kan yi dafifi a bakin murhu, ga ruwan wanka na tafasa, ga kaskon ƙosai a ƙofar gida. Daga nan ake kwasar wasunsu zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Duk uwar da ta yi jinyar ƙuna ta san inda azabar take: wankin ciwo. A ɓare bandejin da ya manne da tsoka, a kankare matacciyar fata, yaro na tsala ihu, manya biyu sun danne shi. Ba a jimawa, ko farar riga ya hango sai jikinsa ya ɗauki kyarma.

Tun shekarun 1990, Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington suka fara gwada wata dabara a asibitin Harborview da ke Siyatil, Amurka. Ana sanya wa majinyaci tabarau mai haɗe da kwamfuta, wanda ke rufe masa ido ruf, sai ya tsinci kansa cikin kwazazzabon ƙanƙara yana jifan tsuntsaye da curin ƙanƙara, alhali ana can ana wanke masa ciwo. Sunan wasan SnowWorld. Majinyata sun ce zafin ya ragu da kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, hoton ƙwaƙwalwa ma ya nuna ragin. Hankalin mutum ba ya wuri biyu, in wasa ya tafi da shi, kaɗan ke saura wa raɗaɗi.

Za a ce asibitin da ke fama da kuɗin bandeji ina shi ina wannan? Ai tun 2014 Google ya fito da irinsa na kwali, wayar hannu kawai ake zura masa. Yaron Bolari ko Pantami bai san dusar ƙanƙara ba, amma ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Gombe za su iya ƙera masa wasa mai ruwan Dadin Kowa da kifaye, da murya cikin Hausa ko Fulatanci.

Wannan tabarau ba zai maye gurbin maganin kashe zafi ba, bai dace da mai ƙuna a fuska ba, kuma dole a tsabtace shi kafin a sa wa wani yaron. Duk da haka, ya kamata Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha su gwada shi, ko da a gado biyu ne, kafin sanyi ya dawo.