Ra'ayinmu: Makin jirgin sama ba adashe ba ne

Jama'a masu karatu, musamman alhazai da hajiyoyinmu masu zuwa saro kaya ƙasashen waje, yau magana taku ce. A ƴan shekarun nan kamfanonin jiragen sama suna ta gasar sayen sababbin jirage, suna tallar kujeru masu komawa gado, da wani abu da suke kira makin tafiya, wai wanda ya yawaita hawa jirginsu zai tara maki har wata rana a ba shi tikiti kyauta. Tallar ta iso mana har Matamaye ta wayar salula. Mu dai tambayarmu guda ce: a cikin wannan duka, me ke shiga aljihun ɗan kasuwar da ya baro Matamaye ko Kance ko Magarya da jarinsa?

Kowa ya san ba daga filin jirgin Damagaram ake tashi zuwa Dubai ko Guwanzu ta ƙasar Sin ba. Ko dai mutum ya nufi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, ko ya bi ta Ɗan Barto da Daura ya faɗa Kano, wadda nisanta daga Matamaye bai kai kilomita 200 ba. Hanyar Kanon ma ba kullum take buɗe ba: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Ke nan kafin hajiya ta taka matakalar jirgi, ta riga ta sha mota, ta sha shingayen hanya, ta biya kuɗin masauki. Wanda ya sha wannan wahala ya cancanci ya san abin da yake saye da kuɗinsa.

Gaskiya ne jirage sun canza. Kamfanin Ethiopian na ƙasar Habasha, wanda ya fara sauka Kano a 2014, shi ne na farko a Afirka da ya karɓi Boeing 787 a 2012, da Airbus A350 a 2016. Qatar Airways ya buɗe hanyar Kano a 2022. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai shi ma an sabunta shi a 2019. Waɗannan sababbin jirage suna da amfani na zahiri. Iskar cikinsu kamar ta wanda ke kan dutse mai tsawon mita 1,800 ce, alhali ta tsofaffin kamar ta mita 2,400 ce, kuma ba ta kai tasu bushewa ba. Shi ya sa ciwon kai da bushewar maƙogwaro ke raguwa.

Amma fa ba don tausayinmu kaɗai aka saye su ba. Kamfanin Boeing da kansa yana tallar 787 da cewa yana rage shan mai da kusan kashi 20 cikin ɗari, wannan kuwa ribar mai jirgi ce. Gadajen da ake nunawa a hoto na ɓangaren gaba ne, na masu hannu da shuni, inda tikiti ɗaya kan ninka namu sau da yawa. A baya, inda muke zama, tsohon Boeing 767 kujera 7 yake jerawa a sahu guda, 787 kuwa yawanci 9 yake jerawa, kujerun tsakiya sun tashi daga ɗaya zuwa uku. Sabon jirgi bai ƙara wa kowa faɗin wurin zama ba. Kuma sau da yawa zangon farko, daga Yamai ko Kano zuwa babbar mahaɗa, ƙaramin jirgi ne ke yin sa.

Wannan ba batun jin daɗi ba ne kawai, har da lafiya. Daga Adis Ababa zuwa Guwanzu mutum zai yi wajen awa 10 a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye ba tare da motsi ba yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ko da yake waɗanda abin ke samu ba su da yawa. Masu ƙiba, da masu juna biyu, da waɗanda aka yi wa aiki kwanan nan sun fi shiga haɗarin. Saboda haka iyayenmu mata, ku nemi kujerar bakin hanya tun wurin yankan tikiti, ku sha ruwa, ku riƙa tashi kuna ɗan takawa. Babu kunya a ciki.

To, mu zo ga maki. Kowane kamfani da sunan nasa: ShebaMiles na Ethiopian, Miles&Smiles na Turkish Airlines, Safar Flyer na Royal Air Maroc. Yin rajista kyauta ne. Duk da haka mutanenmu da yawa sun shekara goma suna jigila ba su da kati, domin mai yanka musu tikiti bai taɓa faɗa musu ba, su ma ba su tambaya ba. Wannan asara ce tsantsa, tun da kuɗin makin yana cikin farashin tikitin, ko an karɓa ko ba a karɓa ba.

Sai dai kada wanda ya ɗauki maki tamkar adashe. A adashe, abin da kika zuba shi za ki kwasa ranar da zagaye ya zo kanki, kuma kin san uwar adashe, kin san gidanta. Maki kuwa mai jirgi ne ke yanka masa daraja, yana iya rage ta duk ranar da ya ga dama. Yana kuma mutuwa: a Turkish Airlines, alal misali, bayan shekara 3 ne. Tikiti mai araha kan ba da maki kaɗan, wani ma ba ya ba da ko ɗaya. Tikitin kyautar shi ma sai an biya masa haraji, kuma lokacin cunkoso, kamar Umarar azumi, da wuya a samu gurbi.

Sannan kamfani kansa ba dutse ba ne. Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe a 2002. Nigeria Airways ya bi shi a 2003. Ko kamfani bai mutu ba, hanya na iya mutuwa: Air France ya dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023, Emirates ya bar Najeriya daga ƙarshen 2022 har Oktoban 2024. Mai tulin maki a irin wannan lokaci sai ya nemi wata ƙasa kafin ya ci moriyarsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

A ganinmu, ladan da ya dace da ɗan kasuwa shi ne kilo. A hanyoyi da yawa ana bai wa fasinjan baya jaka biyu, kowace kilo 23, abin da ya ɗaru a kai kuma sai an biya da tsada. Rufe iyakar Benin da aka yi a 2023 ya sa kwantenoni da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, sai kayan da mutum zai iya shigowa da su a jirgi, kamar wayoyi, turare, mayafai da sarƙoƙi, suka ƙara daraja. Nan ne kati ke da rana. Ethiopian, Turkish da EgyptAir duk ƴan ƙawance ɗaya ne mai suna Star Alliance, kati guda yana tara makin ukun, kuma wanda ya kai matakin zinariya ana ƙara masa jaka ɗaya ko kilo 20 a yawancin hanyoyi. Wanda ya raba tafiye-tafiyensa a kan kati uku ba zai taɓa kai wannan mataki ba.

Don haka muke ba da shawara. Kowa ya buɗe kati da sunan da ke cikin fasfonsa, harafi da harafi, da lambar wayarsa shi kansa. Kada a bar lambar sirri a hannun ɗan kamasho, domin mai riƙe da ita na iya kashe makin. A tabbata an sa lambar kati a kan tikiti, a kuma adana ƴar takardar shiga jirgi. Kafin a biya, a tambayi abu uku: kilo nawa, awa nawa za a jira a mahaɗa, kuma wa zai biya masauki. Ethiopian kan ba da otel a Adis Ababa ga mai jiran awa 8 zuwa 24, bisa wasu sharuɗɗa, amma sai wanda ya nema.

In jaka ta ɓace ko ta lalace, kada a bar filin jirgi sai an rubuta rahoto an karɓi takarda. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 don kai kuka a rubuce kan kayan da suka lalace, da kwana 21 kan waɗanda suka makara. Iyakar diyyar kuwa, tun ƙarshen 2024, kusan dalar Amurka 2,000 ce ga kowane fasinja, wato sama da miliyan guda na sefa, ko da kayan sun fi haka. Mai ɗauke da kaya masu tsada sai ya bayyana darajarsu tun wurin awo, ya biya ƙarin da aka nema.

Daga ƙarshe muna kira ga kamfanonin da ke cin kasuwar Yamai da Kano da su fassara ƙa'idojinsu da Hausa, su kuma sa mai jin Hausa a kan teburinsu, tun da Hausawa na cikin masu cika musu kujeru. Muna kira ga hukumar ANAC mai kula da zirga-zirgar jiragen sama da ta sanar da jama'a haƙƙinsu ta gidajen rediyo. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar jihar Damagaram kuma su haɗa kai su je neman ragi da ƙarin kilo da murya ɗaya, domin wanda ya zo da fasinja hamsin ba a yi masa ciniki irin na mutum guda.

Ku karɓi maki, haƙƙinku ne, amma ku ci shi da zafinsa. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.