Tsabtar Bakin Yaro Ma Aikin Iyaye Ne

 Yau ina so in jawo hankalinmu a kan wani abin da muka raina, wato haƙoran 'ya'yanmu.

Ranar Lahadi mukan yi wa yaro wanka, mu shafa masa mai, mu sa masa riga mai guga, amma ba mu duba bakinsa. Idan aka yi magana sai uwa ta ce ai haƙoran nono ne, za su zube. Wannan kuskure ne. Haƙoran nono 20 ne, sukan fara fitowa tun yaro yana wata 6, su ne kuma suke riƙe wa haƙoran girma wuri. Idan suka ruɓe aka cire su kafin lokacin famfara, na bayansu sukan fito a karkace. Har ila yau, wajen shekara 6 wani babban haƙori na tauna yakan fito can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa sukan ɗauka na nono ne, alhali idan ya lalace ba wanda zai maye gurbinsa.

Mutanenmu sukan ce tsutsa ce take cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne a baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta zaizayar haƙori har ya yi kogo. To, wa yake ba yaran alewa da biskit da lemon kwalba? Mu ne. Har a makarantar Lahadi, ladan wanda ya haddace aya alewa ce. Me zai hana mu ba da fensir, ko littafin rubutu, ko ayaba?

Abin da za a yi ba wuya. Da haƙorin fari ya fito, a fara goge shi da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 a ƙara ya kai ƙwayar wake. A goge sau 2 a rana, kamar minti 2, kuma na kafin barci shi ne ya fi muhimmanci. Yaro ya tofar, kada ya haɗiye. Babba ya riƙa taimaka masa har ya kai shekara 7. Kowa da buroshinsa. Inda kuɗi bai kai ba, asuwakin da kakanninmu suka yi amfani da shi yana nan, ya fi a bar baki haka. Idan kuwa haƙori ya fara ciwo, kada a ɗiga masa ruwan batir ko fetur, a je asibiti.

Wani zai ce, malam, muna fama da abin da za mu ci, kai kana zancen buroshi? Amsata ita ce, ɗan talaka ne ƙazantar baki ta fi yi wa ɓarna. Cutar noma, wadda take cinye kumatu da leɓe, ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, kuma daga kumburin dasashi take farawa. A Sakkwato akwai asibiti musamman domin ta, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan dasashin yaro ya kumbura yana jini, baki yana wari, a kai shi asibiti a ranar.

Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa su ɗaukaka Allah da jikinsu, baki kuwa yana cikin jiki. Saboda haka ina roƙon Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi su ware ko da minti 10 a wata su nuna wa yara yadda ake goge baki. Maza kuma kada mu bar wa mata kaɗai. Bayan addu'ar dare, uba ya ɗauki nasa buroshin, yara su gani su bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu hikimar renon amanar da ya ba mu. Amin.