Zancen Asusu: Mota ta yi raga-raga, nawa asirans za ta biya?

 

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, rancen asusu ya tashi daga jarin ƙuli-ƙuli, yau har ana cika wa yaro kuɗin mota ya ɗauki aya da gujiya tsakanin Gazawa, Agiye da Maraɗi. To wata 'yar ƙungiyarmu ta yi haka, motar ta kife a hanyar Gidan Rumji. Yaron ya tsira, alhamdu lillahi. Ta zo taro tana cewa asirans za ta biya. Da muka duba takardar, sai jikinmu ya yi sanyi.

Asirans ɗin dole, wadda jandarma ke tambaya, wanda ka buge take biya. Motarka ba ta ciki, sai in ka yanki babbar, wadda ake kira "tu risk". Tata ƙaramar ce.

Ko mai babbar ma, kada ta sa rai da kuɗin da ta saya. Kamfani zai turo masanin mota. In gyara ya fi ƙarfin kuɗin motar, sai ya rubuta ta mutu, ya yi mata kuɗi yadda za ta sayu a kasuwa ranar hatsarin: shekarunta a kat giris, kilomita nawa ta ci, lafiyar inji da tayu. Misali an saya miliyan 3, ya ce yau miliyan 2 ce. In kun riƙe gawar motar, a cire kuɗinta, a ce jika 300. A kuma cire kason da takarda ta ce mai mota ke ɗauka. Bashin asusu kuwa yana nan yadda yake, ko dala bai ragu ba.

In kuɗin bai yi muku ba, kuna iya ɗauko naku masanin, amma daga aljihunku. Nan rasit ɗin sabon inji ko tayu ke amfani (mu da muke adana takardar awon ciki shekara goma, wannan ba zai gagare mu ba). Kuma a sa jandarma su rubuta hatsarin, a sanar da kamfani cikin kwana 5 na aiki, kada a tsaya jiran 'yan jaje su watse.

A ƙungiyarmu mun yanke: mai neman rancen mota ko babur ta zo da takardar asirans, sakatariya ta karanta a gaban kowa kafin a buɗe akwati. Ita kuwa 'yar uwarmu, mun ƙara mata wata 3.