Bitar da Ba ta da Maki, Amma Ita ce Gishirin Kundi

A jami'o'i da dama, ɗakin karatu kan shirya bita ta ganin dama a kan dabarun bincike da tsara manazarta. Da yake ba a ba da maki a kanta, ɗalibai da yawa sukan ƙaurace mata. Wannan kuskure ne, kuma ɗalibin Hausa ya fi kowa yin asara idan ya ƙi zuwa, domin kayan aikinsa sun fi na saura wuyar adanawa.

A ɗauki misalin ɗalibin da ke son nazarin Hausar mazauna Abijan, birni mafi girma a ƙasar Kodebuwa. Zai je unguwannin Adjamé da Treichville, ya zauna a Gare de Bassam, tashar da ake shiga motar zuwa Grand-Bassam, ya saurari yadda kalmomin Faransanci da na Jula suke kutsawa cikin zancen fatake da mahauta. Idan ya ji wata kalma ya rubuta ta kawai, bai rubuta wanda ya faɗe ta ba, da garinsu na asali, da ranar hirar, da wurin da aka yi ta, to abin da ke hannunsa jita-jita ne. Ranar kare kundi za a tambaye shi ko mai maganar Badamagare ne ko Bakano, amsa kuwa babu. Bita ce ke koya masa neman izinin wanda zai yi hira da shi, da ba kowace murya da ya naɗa lamba, da kafa hujja da ita a cikin kundi.

Rubutattun madogara ma suna da tasu matsalar. Manhajoji irin su Zotero, wadda ta fito a 2006 kuma kyauta ce, da Mendeley, sukan zaƙulo bayanin littafi da kansu idan yana da lambar ISBN ko DOI. Amma littattafan adabin kasuwar Kano da yawa ba su da wannan lamba, wasu ko shekarar bugu babu. Haka nan kundayen digiri da ke ajiye a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da rubuce-rubucen ajami, duk da hannu ake shigar da su. Manhajar kuma takan ɗauki suna na ƙarshe a matsayin sunan iyali, alhali a sunan Bahaushe yana iya zama sunan uba ko na gari. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan ɓace a bayanan da aka kwaso daga intanet. Wanda bai koyi gyara waɗannan ba, zai miƙa manazarta cike da kurakurai yana zaton kwamfuta ba ta kuskure.

Masu ƙin zuwa suna da uzuri: kuɗin mota, cunkoson darussa, da neman na abinci. Uzurin gaskiya ne. Sai dai 'yan sa'o'in bita ba su kai makonnin da ake ɓatawa wajen neman shafin da aka manta ba, balle a ce an kama mutum da satar fasaha, wadda sau da yawa sakaci ke jawo ta, kuma tana iya sa a soke kundi baki ɗaya.

Wannan ladabi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman zaure sun daɗe suna kiyaye isnadi da ijaza, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Manazarta ci gaban wannan amana ce.

Saboda haka nauyin biyu ne. Ɗalibi ya halarci bitar tun shekararsa ta farko, ya tafi da littafin Hausa guda da hira guda don gwaji. Masu shirya ta kuma su koyar da misalan Hausa, kamar ƙamus na Bargery na 1934 ko wani bugu na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, domin ɗalibi ya ga aikinsa a cikin darasin.