SANYIN OFIS, GUMIN TALAKA

Jama'ar Tofa, Lambu, Doka, Yanoko da Janguza, ku saurara!

'Yan hamayya suna yawo kasuwa-kasuwa suna yi mana dariya, wai jam'iyyarmu ta rasa abin faɗa sai dokar duba iyakwandishan. Wai ina ruwan manomi da na'urar sanyaya ɗaki? To, ga ruwansa.

Iyakwandishan guda mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana shan wuta sama da wat 1,000. Ƙwan fitila na zamani wat 10 yake sha. Ku yi lissafi da kanku: sanyin ofishin mutum ɗaya daidai yake da fitilar ɗaki ɗari! Wannan fa lafiyayya ke nan. Idan ƙurar hunturu ta toshe matatarta, ko iskar gas ɗinta ta zurare, sai injin ya yi ta gurnani ba hutu, wuta tana tafiya, sanyi babu. Ga taga a buɗe, ga maigida ya tafi taro tun hantsi. Wa zai kashe? Ai ba daga aljihunsa ake biya ba.

Daga aljihunku ne. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana rabon megawat 4,000 zuwa 5,000, abin da ofis ya ɓarnatar kuwa mai injin niƙa da mai walda ne suka rasa shi. A watan Afrilu na 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit. In wuta ta ɗauke a tayar da janareta, a zuba man dizal da kuɗin baitulmali, kuɗin da ya kamata ya sayi taki da maganin asibiti.

Kada su ce muku abin ba ya yiwuwa. Tun 2002 Tarayyar Turai ta wajabta duba waɗannan na'urori. A Ingila, ƙasar sanyi ma, duk ginin da na'urorinsa suka wuce kilowat 12 tilas a duba su duk shekara biyar. Mu nan Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idar tsimin wuta a gine-gine a 2017, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi iko a kan sha'anin wutarsu. Me ya rage? Niyya!

Ga abin da za mu kai Majalisar Dokokin Jihar Kano: a duba na'urorin kowane ginin gwamnati sau ɗaya a shekara kafin bazara, tun daga Gidan Gwamnati da Sakatariyar Audu Bako har sakatariyar ƙaramar hukuma, sannan bankuna da manyan otal-otal. A liƙa takardar sakamako a bakin ƙofa, kowa ya karanta. Wadda ta tsufa a cire ta. Yaranmu da suka koyi gyaran firji su za a horar a ba su aikin.

Masu cewa sabon haraji ne, ƙarya suke yi. Ba duba-gari ba ne da zai shigo gidanku yana leƙa randa. Jihar da ta soke haraji da jangali a 1979 ba za ta ɗora wa mai fanka ko sisin kwabo ba.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi a gaban jama'a: nawa aka kashe bara a kan dizal a sakatariya, kuma zai sa hannu a wannan doka ko ba zai sa ba?