Leza ko Man Shafawa: Wanne Ya Dace da Ciwon Gaban Mata?

’Yan’uwana ɗalibai, a wannan fitowa ina so in taɓo wani ciwo da kunya take hana a ambata. Likitoci suna kiransa balbodiniya, wato zafi ko raɗaɗi a bakin farjin mace na aƙalla wata 3 ba tare da an gano sanadinsa ba. Yakan kama har ’yan mata da amare, ya sa kwanciyar aure ko doguwar zama a aji ta zama azaba.

Magunguna biyu zan kwatanta. Na farko shi ne lidoken, man shafawa mai kashe jin zafi na ɗan lokaci. Yana da araha, kuma idan bai karɓi mace ba sai ta daina. Amma ba ya tumɓuke ciwon, domin wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna bai fi maganin bogi ba. Na biyu shi ne hasken leza. Yana da tsada, gwaje-gwajensa ƙanana ne, kuma a 2018 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi cewa amfani da irin waɗannan na’urori don “sabunta” gaban mace yana iya jawo ƙuna, tabo da ciwo mai daɗewa.

A nawa ra’ayin, gara yarinya ta fara da man shafawa bisa shawarar likita, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wani zai ce ai leza sabuwar fasaha ce. To, sabunta ba hujja ba ce. Hasali ma, wani bincike a Kanada da aka wallafa a 2021 ya gano cewa gashi da motsa tsokokin ƙugu a hannun ƙwararru sun fi lidoken tasiri.

Mu kuma namu aikin na harshe ne. Da yawa sukan kira duk wani ciwon gaba “sanyi”, wasu kuma “gishiri”, har a kai ga yankan da kan jawo yoyon fitsari. Idan suna ya kauce, magani ma sai ya kauce. Mu samar da kalmomi masu ladabi da mace za ta iya faɗa wa likita ba tare da sunkuyar da kai ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.